Tagar da Baba Fanka Ya Yanka

"Ɗauke hannunka daga wajen nan, kana toshe mata hanci!"

Abin da Baba Fanka ya faɗa ke nan, ya kuma buge hannun Jagun. Ba wani bugun kirki ba ne, irin wanda ake yi wa yaro ne in ya miƙa hannu cikin tukunya. Sai dai a tsakiyar layi aka yi, da rana tsaka, a gaban samarin Jagun, kuma Jagun shi ne shugaban 'yan sintirin layinmu a kasuwar kwamfuta. Ina zaune ƙarƙashin lemata ina tura wa wata mata waƙoƙin coci da wayata na ji layin ya yi tsit. Har masu kiran ciniki suka haɗiye sauran maganarsu.

Kwamfutar da ke hannun Jagun tawa ce. 'Yar ƙarama ce, baƙa, in ka rufe ta ba ta wuce farantin cin abinci ba. Baba Fanka ne ya ɗora ta a kan bonet ɗin wata mota da aka ajiye cikin rana, ya kunna mata finafinai rututu lokaci guda, har da wani bidiyon biki mai kiɗan ganga, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran ya ga ko za ta yi zafi ta ɗauke. Haka yake gwada aikinsa. Jagun ya zo wucewa ya ɗauke ta, ya juya cikinta sama, ya ga abin da ya gani.

"Baba, ina lambar?" in ji Jagun, murya ƙasa-ƙasa.

"Lambar tana nan. Ajiye ta yadda ka same ta, gwaji nake."

"Na ce ina lambar?"

Ni da Baba Fanka gida ɗaya muke haya a Agege, ƙofata na kallon ƙofarsa, wani siririn lungu ne kawai tsakaninmu. Sunansa na gaskiya Tubosun, amma ba mai kiransa haka sai matarsa da ke zaune a Ijebu. Tsoho ne ɗan siriri mai gilashin ido ɗaure da waya, ga faɗan tsiya, ga son a yaba masa. Ba shi da shago, ɗan tebur ne da shi ƙarƙashin matattakalar wani bene a ƙarshen layinmu, kuma abu ɗaya ya sa a gaba a duniya, wato zafin kwamfuta. Ni kuwa sana'ata tura waƙoƙi da finafinai a wayoyin mutane. Da wannan 'yar kwamfutar nake ci, da ita nake ciyar da 'yata Dunsin. To ita kuma ta tsiro da wani hali, da rana ta take sai ta yi zafi kamar dutsen guga ta ɗauke ana tsakiyar turawa, mai waya ya zage ni tas ya wuce wajen na gaba.

Ana gobe abin zai faru, ranar Lahadi, da na dawo daga coci, na dire masa ita a lungu, yana zaune a kan tabarma yana cin burodi da wake.

"Baba, ko ku duba min wannan abar, ko in wurga ta cikin kwata."

Ya lashe yatsunsa, ya ɗaga ta ya kara a kunne. "Iya Dunsin, wannan ba ciwo take ba. Numfashi ta rasa."

"To ku ba ta numfashin mana, ko sai na kai ta asibiti an sa mata roba a hanci?"

"Bakinki ne ya fi ta zafi. Kawo min kujera."

Ya kwance ta a gabana. Daga bakin 'yar fankar ciki ya zaro wata ƙura da ta dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa, ya ɗaga min ita da tsinke. "Ga gashin kanki, ga garin burodi, ga hayaƙin motocin danfo. Tun yaushe kike tuƙa mata wannan tuwon?" Ya kankare wani busasshen mai daga kan ƙarfen da ke ɗaukar zafi, ya shafa sabo. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Ya ɗauko murfin ƙasan ya nuna min wasu 'yan tsagu, siraran da ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

"Kin ga ta nan wai za ta sha iska. Waɗanda suka ƙera ta a cikin sanyi suke zaune, ba su taɓa jin ranar Legas a ƙeyarsu ba. Kuma dubi rashin hankali, daidai saitin fankar suka manna takardar lamba. Taga zan yanka mata."

Nan na tuna da Jagun. Makonni kaɗan kafin wannan rana ɓarayi sun fasa shaguna a layinmu, suka kwashe kwamfutoci, suka sassare mai gadi. Mai gadin nan sunansa Akanmu, ƙanin Jagun ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Jagun da kansa ya tsamo shi daga cikin kwata da safe. Kowa a kasuwa ya san abin da ɓarawo ke fara yi wa kwamfutar sata, kankare takardar lambar da ke ƙasanta. Tun daga ranar Jagun ya rantse duk wanda ya kama da kwamfuta marar lamba, ba shi ba ganin ofishin 'yan sanda. Sun riga sun karya wa wani saurayi hannu a kan haka.

"Baba, lambar fa? Kun san abin da ake ciki a layi."

"Wa ya ce miki zan taɓa lambar? Zauna ki ga aiki."

Ya zana murabba'i da ƙusa, ya bi layin da ƙarfen narka dalma, lungun ya cika da warin ƙonanniyar roba har matar mai gida ta leƙo tana tsine mana. Ya ƙarasa da guntun zarto, ya goge bakin da magagari, baƙin garin roba yana zuba a kan siminti. Ya yanko ragar sauro daga tsohuwar tagarsa ya rufe ramin da ita don kada kyankyaso ya shiga. Sannan ya ɗauki guntun robar da ya cire, mai takardar lamba a jiki, ya raba shi huɗu. Ya shafa gam, ya manna kowanne a kusurwa ɗaya ta ƙasan kwamfutar, fuskar takardar tana ciki.

"Ga ƙafafu na yi mata, ta ɗaga daga tebur iska ta ratsa. Lambarki kuma na kifa ta ciki don kada tebur ya cinye ta. Ba abin da ya ɓata, ba abin da aka zubar. Wa zai yi miki wannan a duk Legas?"

"Wa zai share min lungun dai, shi nake tambaya."

"Gobe zan share. Bari in gwada ta a zafin ranar kasuwa tukuna."

To ga goben ta zo, ga Jagun tsaye da kwamfutar a hannu, yana kallon ragar sauro a wajen da ya kamata ya ga lamba.

Marin farko gilashin Baba ya fara ɗauka. Na ga ya yi sama ya faɗa ƙarƙashin mota. Baba ya dafe kunci, ya buɗe baki yana kallon Jagun kamar bai gane shi ba. Sai ya kira shi da sunansa na gaskiya.

"Ni ka mara, Gbadebo? Ni? Na san ka tun kana tallan ruwan leda a layin nan!"

"Shi ya sa ka san ƙofar kowane shago," in ji Jagun. Ya ɗaga kwamfutar sama ya juya ta kowa ya gani. "Jama'a ku duba! Wasu kankarewa suke, wannan yanke wajen yake gaba ɗaya. Ashe kai ne mai wanke musu kaya. Kullum kana ƙarƙashin bene kana huje-huje, muna cewa tsoho ne mai taɓin hankali!"

Wani daga baya ya ce, "Ɓarawo!" Ban ga fuskarsa ba, har yau ban san ko wane ne ba. Kalmar ta bi layin kamar an zuba fetur a wuta. Na watsar da wayar matar nan na taso, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan.

"Tawa ce! Jagun, kwamfutata ce! Lambar na jikin ƙafafun, ka ɓamɓare ka gani!"

Ko juyowa bai yi ba. Ya miƙa wa wani dogon saurayi cikin mutanensa kwamfutar ya ce, "Riƙe da kyau, shaida ce, kada ta fashe." Saurayin ya karɓe ta hannu biyu, ya ɗaga ta sama da kansa, gangar bikin nan tana ta tashi daga cikinta. Sannan Jagun ya cire bel ɗinsa.

Na sha ganin an doki ɓarawo a kasuwa, ba zan yi ƙarya ba, amma ban taɓa ganin yadda ake farawa ba sai ranar. Da farko mutane kaɗan ne, sauran suna kallo. Jagun ya zuba wa Baba bel a wuya, ɓangaren ƙarfen. Wani ya kwashe ƙafafunsa ya faɗi zaune. Daga nan sai kowa ya ga ai akwai wuri. Mai sayar da caja ya zo da wayar janareto mai kauri ya ninka ta biyu. Mai gyaran allon waya, wanda Baba ya sha ara wa sukundireba, ya ɓallo katako daga bencinsa. Wasu ma ba 'yan kasuwar ba ne, sayayya suka zo yi, suka ajiye ledojinsu a gefe a hankali suka shiga. Wata budurwa mai farce ja ta cire takalminta mai tsini tana neman ta inda za ta sa hannu.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk waɗanda ke wajen nan sana'arsu ke nan. Babu wanda bai san cewa lambar tana rubuce a cikin kwamfutar kanta ba, in ka kashe ka kunna ka danna maɓalli guda za ta fito a allo. Wannan aikin suna yin sa kullum in za su sayi kaya. Ranar babu wanda ya tuna.

Baba yana ta ƙoƙarin magana. "Ƙafafun," yake cewa, "ku duba ƙafafun." Wani ya ce, "Ƙafafu yake so, ku ba shi!" Suka hau tattaka shi. Na kutsa ta tsakanin mutane na faɗa kansa, na ji katako ya sauka a gadon bayana, numfashina ya ɗauke. Wani ya fizgo ni ta gashi, ya ja ni a ƙasa, zanina ya kwance.

"Matarsa ce?"

"Abokiyar satarsa dai. Ita ke sayar masa."

"Uwarka ce ke sayar masa!" na ce, ya kuwa haɗa min baki da gwiwar hannu. Na ji gishirin jini ya cika min baki.

A ƙasa nake na ɗaga kai na hango Oga Fadeyi a barandar bene, ya dafa ƙarfe yana kallo. A shagonsa na sayi kwamfutar, kwancen Turai, shi da kansa ya zaɓa min ita ya buga hatimin shagonsa a kan takardar lambar kamar yadda yake yi wa duk kayansa. Mutum ne da ake jin maganarsa a layi. Da ya ce uffan, da sun tsaya ko na ɗan lokaci ne.

"Oga Fadeyi! Oga, ku gaya musu! Ku kuka sayar min, kun san ta!"

Mutane kaɗan suka ɗaga kai. Ya kalle ni, ya kalli Jagun, ya kalli katakan da ke sama suna sauka.

"Iya Dunsin, kayan da ke fita daga shagona suna da yawa," ya ce. "Kuma ni ban taɓa sayar da mai rami a ciki ba."

Ya shige, na ji ƙarar ƙofar ƙarfe yana jawo ta ƙasa. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, kuma na faɗa masa haka a gaban idonsa daga baya.

Sai na ga taya tana gangarowa daga bakin layi, wani yana kora ta da hannu yana dariya. Wani kuma ya fito daga bayan shago da jarkar fetur ɗin janareto. Mama Nkiru mai abinci, wadda rumfarta ke kusa da lemata, ita ta tare shi. Mace ce mai jiki, ba ta gudu, amma ranar ban san yadda aka yi ta iso ba. Ta fizge jarkar ta dire a ƙasa ta zauna a kai daram, ta riƙe ludayin miyarta.

"Sai dai ku ƙona mu tare. Zo ka ɗaga ni in kai ɗan halak ne. Zo mana, kai da nake ba ka ƙarin nama!"

Suka yi ta zaginta, amma ba wanda ya iya ɗaga ta. Wannan ne ya ba ni sarari. Na ɗaure zanina, na haye bonet ɗin motar, ƙarfen yana ƙona min tafin ƙafa, na damƙi kwamfutar daga hannun dogon saurayin. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tsoro yake kada ta karye a hannunsa Jagun ya tambaye shi. Na gantsara masa cizo a wuyan hannu ya sake ta.

Na kifa ta a cinyata na sa farce a ƙafa ta farko. Ko motsi ba ta yi ba. Gam ɗin Baba ba ya sakin abu, da wannan yake taƙama. Farcena ya ɓalle har tsoka. Na kai baki na kama robar da haƙori, na ja, na murɗa, na ji wani abu ya tsage a dasashina kafin ta fita. Na tofar da ita a tafin hannu, ga rabin hatimin Oga Fadeyi da wasu lambobi. Na yi ihu, "Ga ta! Ku duba!" Ba wanda ya ji, ganga na tashi a cinyata, su kuma suna ta nasu ihun. Guntu ɗaya ba zai ishe su ba, na sani. Na kama ta biyu. Iska mai sanyi da ke shiga ta tagar da Baba ya yanka tana shafa min kumatu ina cizon robar kamar karya.

Ina kan ta uku na ga wani ya taho daga shagon masu batir. Ƙato ne, ba riga, ya rungumo mataccen batir irin na inbata mai ajiye wutar lantarki, wanda mutum biyu ke ɗauka. Mutane suka dare masa. Baba yana kwance rigingine, hannu ɗaya a kan fuska, ya daina kare kansa. Na buɗe baki in yi ihu, robar tana tsakanin haƙorana. Mutumin ya ɗaga batir ɗin iya ƙarfinsa ya sake shi a ƙirjin tsohon.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kwando ne. Amma kowa ya ji ta, don daga nan hannaye suka tsaya.

Na cire ta huɗu, ban ma san da me na cire ba. Na sauko daga motar, na jera guntayen a kan bonet, na juya su har suka haɗu, jinin bakina yana ɗiga a kai ina gogewa da yatsa. Na je na kamo Jagun ta wuyan riga. Ƙato ne, amma ya biyo ni kamar akuya.

"Karanta. Karanta, ɗan banza, ai ka yi makaranta!"

Ya sunkuya. Lambar na nan cif, ko ƙwarzane babu, ga hatimin shagon Oga Fadeyi shuɗi a kanta. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya gyara guntu ɗaya da ya karkace. Sannan ya ɗaga kai ya kalli barandar bene, inda ƙofar ƙarfe take rufe. Bel ɗin ya zame daga hannunsa.

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri irin haka ba. Kowa ya tuna yana da shago. Masu sayayya suka ɗauki ledojinsu, budurwar nan ta mayar da takalminta, mai katako ya jingina shi a bango a hankali kamar ba shi ya kawo ba. Ƙaton mai batir ya bi ta lungu, ba a sake ganinsa a kasuwar ba. Aka bar taya a kwance a tsakiyar layi.

Ni da Mama Nkiru muka kasa ɗaga batir ɗin. Jagun ne ya zo ya kawar da shi. Ya durƙusa yana cewa, "Baba, ku yi haƙuri. Baba, ku buɗe ido." Yanzu ya tuna ana ce wa babba ku. Na so in tofa masa yawu, amma babu wani mai ƙarfin ɗaukar tsohon sai shi, don haka na ƙyale shi ya ɗauka. Ya rungume shi ya yi bakin titi da gudu yana kiran mai keke napep, ni ina bin su da ƙafa ɗaya ba takalmi, kwamfutar a buɗe a hannuna, guntayen a ƙulle a bakin zanina.

A cikin keken na ɗora kansa a cinyata. Fuskar ta kumbura har ba a gane ta, ido ɗaya ne ke buɗuwa. In ya ja numfashi sai wani kumfa ja ya fito ta gefen bakinsa. Mai keken yana ta danna ham, ga cunkoso ya tsaya cak, Jagun ya sauka yana dukan motoci da tafin hannu wai su ba da hanya.

"Iya Dunsin."

"Na'am, Baba. Ku yi shiru, mun kusa."

"Ta ɗauke?"

Ban gane ba sai da ya motsa yatsa wajen kwamfutar. Tana kan kujera a gefena, a buɗe, an kai wajen da amarya ke rawa ana mata liƙi.

"Ba ta ɗauke ba, Baba."

"Tun ɗazu?"

"Tun ɗazu."

"Sa hannu a ƙasanta ki ji."

Na sa. Ɗumi kaɗan ne, kamar goshin yaro mai lafiya. Na gaya masa. Ya yi wani abu da leɓensa, ina jin murmushi ya so yi.

"Na ce miki numfashi ta rasa," ya ce. "Kada ki ɗora ta a kan katifa."

Kafin mu fita daga cunkoson na ji kansa ya yi nauyi a cinyata. Mai keken ya waiwayo ya gani, ya daina danna ham. Jagun yana can gaba bai sani ba, yana ta dukan motoci yana ihu a ba da hanya, ni kuma ban kira shi ba. Na yi kuka a cikin keken nan har muryata ta dushe, kuma ban yafe wa kowa a layin ba, har da waɗanda suka tsaya kallo kawai.

'Yan uwansa suka zo washegari suka tafi da shi Ijebu. Matarsa ta kwashe 'yan kayansa a buhu, ta ba ni tabarmar ta ce ba ta iya kallonta. Mai gida ya sa kwaɗo a ƙofar. 'Yan sanda sun zo layi sun tafi da Jagun da wasu, sauran kuma kowa ya ce shi lokacin yana bayan gida. Mama Nkiru ce ta tsinto gilashin a ƙarƙashin mota ta kawo min, ido ɗaya ya fashe.

Na yi kwanaki ban fita kasuwa ba, bakina a kumbure, bayana ba ya miƙuwa. Ranar da na iya tashi, da hantsi, gidan ba kowa, na fito lungu na shimfiɗa tabarmar a inda yake zama. Na kwance bakin zanina na fito da guntayen nan huɗu, duk da shatin haƙorana a jiki. Ba ni da irin gam ɗinsa, don haka na jera su kawai a kan siminti, na ɗora kwamfutar a kai a hankali har ta zauna daidai, na kunna ta.

Fankar ta tashi, siririyar ƙara, sai ka kasa kunne za ka ji. Baƙin garin robar da ya ce zai share yana nan a tsagar siminti, ba wanda ya taɓa shi. Iskar da ke fitowa ta gefen kwamfutar ta same shi, ta fara tura shi kaɗan-kaɗan, yana gangarawa wajen ƙofarsa mai kwaɗo.